Gada Bisa Kan Manya

Fuatino Leota ba ta ɗaukar hoton mutane, kuma wannan ne laifin da danginta suka kasa yafe mata. Ga 'ya a gida da kyamarorin da kuɗinsu zai sayi mota, amma duk taron da ya tashi a unguwarsu ta Mount Druitt a Sydney, aure ne ko baftisma ko jana'iza, sai an je an ɗauko wani ɗan ƙasar Tonga mai kyamara ɗaya da fitila mai kashe ido. In an ce ta taimaka, sai ta ce ita gini take ɗauka. Anti Sieni, ƙanwar mahaifinta, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar uwar Fuatino, ta taɓa leƙa kwamfutarta ta ga wani dogon bene fari tas, ko kare babu a gabansa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To masu gidan fa? Annoba aka yi?"

Ita kuwa Fuatino ta san dalilinta. Gini ba ya ƙifta ido, ba ya cewa a sake don ya fito da tumbi. Abin da yake so kawai a jira shi. Takan isa cikin gari tun sassafe, ta kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ta janye kwandon shara, ta roƙi mai gadi ya matsar da babur ɗinsa, sannan ta tsaya jiran rana ta zo inda take so. Wata rana ta zo, wata rana hadari ya riga ta, a tattara kaya a dawo gobe. A haka ta yi suna daidai gwargwado a wurin masu zanen gine-gine na Sydney, mutanen da in layi ya karkace da faɗin gashi ba sa iya cin abinci.

Mahaifinta Tavita bai taɓa yi mata faɗa a kan sana'ar ba. Da ma faɗan ya yi. Tsohon direban bas ne da ya ajiye aiki, amma a cocinsu shi ne bakin jama'a. Yana da sarautar magana tun daga ƙauyensu na Samoa, duk baƙon da za a tarba ko gawar da za a raka, shi ke saɓa izga a kafaɗa ya yi jawabi. Mutumin da ke jero asalin gidaje da ka har kaka da kakanni bai taɓa tambayar 'yarsa sunan gini ɗaya da ta ɗauka ba. In ta miƙa masa waya ta ce ga aikin wannan makon, sai ya ce "madalla" idonsa na kan wasan zari-ruga a talabijin. Ta haura talatin, tana da ɗakinta a unguwar Marrickville da motarta, amma abin yana ci mata rai. Abu ɗaya take so a wurinsa: ya dubi aikinta sau ɗaya da idonsa, ya ce ya yi.

A shekarar aka gama sabon zauren al'adu na bakin ruwa. Yana da dogon suna a hukumance, sai dai mutanen Sydney ba sa barin gini da sunan yankansa. Tun ana kan aiki suka sa masa Katantanwa, sunan kuma ya bi shi. Wanda ya zana shi, Hamish Verco, dogon mutum ne mai baƙaƙen kaya zafi da sanyi, takalmi ba safa. Fuatino ta daɗe tana aika masa hotunanta ba amsa, don yana da tsohon mai ɗaukar hotonsa, har tsohon ya gaji ya koma Tasmania kiwon zuma. Sai ga waya wata safiya, aka ce ta zo ta ga ginin. Hamish da kansa ya tare ta a bakin ƙofa.

"Tino ko? Ba damuwa in ce miki Tino? Zo ki ga abin da ya cinye mini gashin kai."

Ta ga gine-gine da yawa, amma da suka shiga sai da ta tsaya cak ta ɗaga kai. Bangon kankare ne yake murɗawa sama, hawa kan hawa, babu kusurwa ko ɗaya da ido zai huta a kai. A can ƙoli an bar rami zagayayye an rufe da gilashi, in rana ta take sai haske ya faɗo ya kwanta a tsakiyar zauren kamar faifai. A hawa na huɗu kuma wata siririyar gada ta ratsa sararin daga bango zuwa bango, ita ma duk gilashi ce, har wurin takawa. Hamish ya ja ta har tsakiyar gadar. Ta tsakanin takalmanta tana hango ma'aikata a ƙasa suna goge daɓe.

"Ranar buɗewa," in ji shi, "dattawan Samoa za su yi bikin shan ava, jiƙon saiwar nan nasu na gargajiya, a can, daidai cikin hasken. Ni na kafe sai da tsakar rana, na ɓata da rabin kwamiti a kai. Za su zauna a zagaye. Ramin sama zagaye, haske zagaye, mutane zagaye, akushin ma zagaye. Ke kuma kina nan inda kike tsaye, kyamara na kallon ƙasa sak. Wannan hoton nake so, mutuniyar. Sauran duk kayan miya ne." Ya dube ta yana murmushi. "Ai ke 'yar Samoa ce ko? Shi ya sa na ce ke ce daidai."

Ta ce haka ne. Ta riga ta san wanda zai zauna a ƙarƙashin ƙafarta: mahaifinta. Tun makon jiya Anti Sieni ke ta gugar zanen fitar Tavita.

Gidan Tavita kamar na kowa ne a layin: mota a waje take kwana, gareji an shimfiɗe shi da tabarmi ya zama zaure. Da yamma ta same shi a ciki yana gyara gashin izgarsa da yatsu, Anti Sieni a gefe tana feren gwaza. Ta rusuna ta ce "tulou", wato gafara, da za ta gifta ta gabansu, ta nemi wuri ta zauna ta naɗe ƙafa kafin ta gaishe su.

"An ce ke ce mai hoton ginin nan," in ji Tavita.

Wannan ne karo na farko da ya fara ta da zancen aikinta. "Ni ce, Baba."

"An ce akwai gada a sama."

"Akwai."

"Ta gilashi, wai," in ji Anti Sieni ba tare da ta ɗago ba. "Turawa dai ba sa rasa abin yi. Mutum yana zaune da furfurarsa, 'yan mata da guntun siket suna sintiri a kansa, ya ɗaga ido ya ga abin da bai aika a kawo masa ba."

"Sieni," in ji Tavita.

"Ƙarya na yi?"

Tavita ya ajiye izgar a cinya. "Fasto zai zo. Tsoho Tuiloma zai zo, a keke za a turo shi, ya ce ko a mace sai an sauke shi a tabarma. Ni na gayyato su da bakina. Ba wanda zai tsaya a kansu."

"Ba wanda zai tsaya."

"Har ke."

"Har ni, Baba."

Ta faɗa ne kafin ta yi tunani, kamar yadda ake amsa gaisuwa. Ba wata amsar kuma da za ta bayar. Yaron da ya miƙa hannu ta saman kan babba ya ɗauki gishiri ma sai ya sha ranƙwashi, balle mace baliga ta tsaya da tafin ƙafa a kan ubanta da fasto da tsohon da ya girmi kowa, jama'a na kallo. In ta yi haka ba ita za a zaga ba. Tavita za a ce bai iya gidansa ba, ya zo yana gyara na wasu da baki.

Hamish ba mugu ba ne. Da ta je ofishinsa ta ce a rufe gadar lokacin shan ava, nan take ya ɗaga waya ya sa aka rufe, har yana cewa da ma wani ya gaya masa tun ana zane. "Ba kowa a kai sai ke," in ji shi. "Ya ma fi, ba mai girgiza miki kyamara."

"Ni ma ba zan hau ba."

Ya cire tabarau ya dube ta. "Takalmi ne matsalar? Ki cire."

"Ba takalmi ba ne."

"To ki kwanta rub da ciki, ba wanda zai gan ki."

"Gilashi ce, Hamish. Kai ka zana ta."

Ya yi dariya, sannan dariyar ta ƙare. Ya ce ya fahimta, ya kuma girmama, amma shi hoton nan yake so, kuma akwai wani yaro a Melbourne da zai iya hawo jirgi gobe. Ba barazana ya yi ba, ya faɗa ne kamar mai ba da labarin ruwan sama. Fuatino ta fito ta zauna a mota ba ta tayar ba. Gaba kura, baya siyaki: in ta hau ta kunyata ubanta, in ta ƙi ɗan Melbourne zai hau ya tsaya a kan nasu duk da haka, ita kuma ta rasa aikin da ta yi shekaru tana bi. Ta ji haushin Hamish, ta ji haushin gadar, ta ji haushin Tavita da bai taɓa kula ta ba sai ranar da zai ɗaure mata hannu.

Dabarar da ta faɗo mata ba sabuwa ba ce. Masu ɗaukar wasan ƙwallo sun daɗe suna kafa kyamara bayan raga su danna daga nesa. Tana da wani hannun ƙarfe mai matsewa da take amfani da shi a matattakala masu ƙunci. In ta ɗaure shi a jikin gadar, ta miƙa kyamarar waje tana kallon ƙasa, ita sai ta sauko ta zauna a tabarma da ɗan madanni a hannu. Illarsa ɗaya, ba za ta ga abin da take ɗauka ba, don ba a riƙe waya a da'irar ava. Ga macen da ke iya jiran inuwa ta matsa rabin yini, wannan kamar a ce wa tela ya yi yanka ido rufe ne. Hamish ya sosa ƙeya ya ce, "In ya fito, ban damu ba ko daga banɗaki kika danna."

Ta yi ta zuwa da tsakar rana tana gwaji. Ta jera kujerun roba a madadin dattawa, ta sa kwandon shara a madadin akushi, ta hau ta gyara, ta sauko ta danna, ta sake hawa. Jami'in kula da haɗari ya sa ta ɗaure kyamarar da igiya biyu, wai kada ta faɗo a kan wani. Fuatino ta ce masa in ta faɗo a kan wanda take tunani, gara ita ma ta biyo ta.

Ranar buɗewa gari ya waye tas, ko gajimare babu. Tun da safe ta ɗaure kayanta ta sauko, aka ja igiya aka rufe gadar, aka sa mai gadi a kowane baki. Ta shiga banɗaki ta cire baƙin wandon aiki, ta sa riga da zanen da Anti Sieni ta kawo mata, masu furanni ja da fari irin na matan coci. Anti Sieni ta ja baya ta ƙare mata kallo ta ce, "Ashe mace ce."

Aka shimfiɗa tabarmi. Aka sauke Tsoho Tuiloma daga kekensa, mutum biyu suka naɗe masa ƙafa. Fasto ya zauna, manyan baƙi na gari suka zauna suna ta fama da gwiwoyinsu, Hamish ma an ba shi wuri, dogayen ƙafafunsa sun rasa inda za su shiga. Kafin Tavita ya zauna sai da ya ɗaga kai ya bi gadar da ido daga wannan bango zuwa wancan. Ba kowa. Ɗan baƙin abin da ke maƙale a gefenta bai fi tantabara girma ba daga nan, bai ma tsaya a kansa ba. Ya juyo ya ga 'yarsa zaune a bayansa cikin mata, hannu a cinya. Sannan ya zauna.

Daga nan komai ya tafi yadda ya saba tafiya. Budurwar da ke bayan akushi ta tace ava, ta ɗaga abin tatar sama ruwan yana zuba. Tavita ya kaɗa izga hagu da dama ya fara magana, muryarsa ta hau bangon tana zagayawa har ƙoli ta dawo, Hamish ya lumshe ido don ya ji gininsa na aiki. Hasken ya rarrafo a hankali daga gefen tabarma, ya hau gwiwar fasto, ya cika da'irar. Fuatino ba ta ɗaga kai ba. Inuwa take kallo a daɓe, madannin na cikin naɗin zanenta, babban yatsanta a kai. Aka kira sunan Tsoho Tuiloma. Saurayin da ke rabo ya ɗebo a ƙoƙon kwakwa, ya ɗaga shi daidai goshi ya ratso tsakiyar hasken. Ta danna, ta sake dannawa, ta ci gaba da dannawa har tsohon ya ɗiga kaɗan a tabarma ya sha.

Bayan an tashi ana gaishe-gaishe, tana tsaye a gefe tana miƙe ƙafar da ta yi mata tsami, sai ta ji muryar Tavita yana gaya wa fasto, "Waccan 'yata ce. Ita aka ɗauko ta ɗauki ginin nan gaba ɗaya, duk Sydney ita suka zaɓa. Amma ka gan ta, a zaune ta yini." Fasto ya ce tarbiyya ba ta ɓuya. Fuatino ta juya baya ta yi kamar tana neman wani abu a jaka, don daɗi ya cika ta har ya taso mata da ƙwalla, kuma ba ta son Anti Sieni ta samu abin faɗa.

Hoton ya fito. Tun kafin ta gyara komai ta san ba ta taɓa yin kamarsa ba. Bangon ya murɗo daga gefuna huɗu yana jan ido zuwa ciki, hasken ya kwanta fari sol, tabarmi sun yi ruwan zuma, mutanen sun jeru ɗigo-ɗigo a bakin hasken kamar an auna tazararsu da igiya, ga mai ƙoƙo shi kaɗai a tsakiya da inuwarsa a ƙarƙashinsa. Ta duba layi, ta duba haske, ta goge wata igiyar lantarki da ta leƙo a kusurwa. Hamish ya kalle shi ya yi ashar a hankali, irin ta yabo, ya ce duk ginin da zai yi nan gaba nata ne. Mujallar masu zanen gini ta sa shi a bangonta na gaba. Masu tallata zauren suka nemi izinin amfani da shi yadda suka ga dama, ta sa hannu ba ta ko karanta ba.

Ranar Juma'a wata mata daga cikinsu ta kira ta, murya cike da murna. Sun samu wuri a babbar tashar jirgin ƙasa ta cikin gari, in ji ta, amma ba a bango ba. A daɓe za a manna hoton, ƙato, daidai inda ake fitowa daga jirgi, yadda duk wanda ya bi ta kai zai ji kamar a kan gadar yake tsaye. "Ba ki ga dabara ba? Litinin da asuba za a shimfiɗa." Fuatino ta buɗe baki, ta tuna ta riga ta sa hannu, ta rufe. Ta gaya wa kanta takarda ce da tawada, ba mutane ba, ita dai ta cika alkawari, ba ta tsaya a kan kowa ba. Ta maimaita wa kanta wannan har ta kusa yarda.

Ranar Lahadi bayan coci ta tafi gida cin rana da mujallar a jaka. An shimfiɗa abinci a gareji, gwaza da madarar kwakwa, ganyen gwaza da aka gasa a ƙunshe, naman rago, ɗanyen kifi da lemun tsami. Tavita yana cikin nishaɗi, har ya ba da labarin yadda wani babban baƙo ya kasa tashi daga tabarma sai da aka ɗaga shi kamar buhu. Da ya ci ya ƙoshi aka kawo masa ruwa ya wanke hannu, sai ya ce, "To ina hoton namu? Fasto yana ta tambaya."

Shi ya tambaya, da bakinsa. Ta ciro mujallar da hannu biyu ta miƙa masa.

Ya goge yatsunsa a tawul ɗaya bayan ɗaya, ya karɓa, ya shimfiɗa ta a tabarma a gabansa ya sunkuya. Da farko bai gane abin da yake gani ba, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa. Anti Sieni ta leƙo ta gefensa ta ce, "Wannan kuma faranti ne ko me?" Sai ya ɗora yatsa a kan wani ɗigo mai farin abu a kafaɗa. Izgarsa ce. A saman izgar ga sanƙo yana ƙyalli cikin hasken, tsakiyar kansa da shi kansa bai taɓa gani ba. Yatsan ya matsa ya sami furfurar fasto. Ya sake matsawa ya sami ɗan ƙanƙanen kan Tsoho Tuiloma a sunkuye, ana hango har jijiyar ƙeyarsa.

Tavita ya ɗago da sauri ya janye hannu, kamar wanda ya taɓa murfin tukunya.

"Wa ya hau?"

"Ba kowa, Baba. Ga ni nan a bayanka, ka gani, mai jan zane. Kyamarar kaɗai na ɗaure a sama, daga ƙasa na danna."

"Ba kowa."

"Ba kowa. Mai gadi ma aka sa."

Ya dubi mujallar da ke kwance a tabarma, daga nesa wannan karon, bai sunkuya ba. "To ni yanzu da na duƙa ina kallo, a ina nake tsaye?"

Anti Sieni, wadda ba a taɓa rufe mata baki ba, ta koma wurinta ta zauna ta hau tattara faranti a hankali. Fuatino ta yi kwanaki tana lissafin inda ƙafarta za ta kasance, ko sau ɗaya ba ta yi lissafin inda idon mai kallo zai tsaya ba. Masu sana'arta kullum daga sama suke leƙen abubuwa, rufi da tsakar gida da matattakala, ba wanda ya taɓa cewa sun yi rashin kunya. An gudu ba a tsira ba. Ta hana mutum ɗaya hawa gadar, ta kuma buɗe ta ga duk wanda ke da ido.

Tana jiran faɗa, sai ta ga ya sa hannu biyu ya ɗauki mujallar. Ya ɗaga ta sama, sama da kansa, ya miƙe hannuwa, ya karya wuya yana kallonta daga ƙasa. A haka ya kalli aikinta. Ya bi bangon da ido yadda ya murɗa, ya tsaya a kan hasken, ya tsaya a kan saurayin da ƙoƙonsa. Ya daɗe, har hannuwan suka fara rawa, har Fuatino ta so ta ce ya isa, ta kasa.

"Kin iya aiki," in ji shi. "Ban san haka ginin yake ba, ina ciki ban gani ba. Ya yi kyau ƙwarai."

Abin da ta yi shekaru tana jira ke nan, ya zo cif yadda take so, kuma ba ta ji daɗin komai ba sai kunya.

Ya sauke hannu a hankali, ya rufe fuskar mujallar da tafinsa, ya miƙa wa ƙanwarsa. "Sieni, ɗora ta can saman kabad, kada yara su shigo su tsallaka ta. Fasto kuma in ya sake tambaya, a ce hoton bai fito ba." Ya juyo ga 'yarsa, muryarsa ba fushi. "Ba da gangan kika yi ba, na sani. Tunda a littafin Turawa ne, mutanenmu ba sa saye. Ya tsaya iya nan. Ci abincinki, ko taɓawa ba ki yi ba."

Ta ce to. Ta gutsuri gwaza ta kai baki, tana taunawa ba ta jin ɗanɗano. Anti Sieni ta taka kujera ta ɗora mujallar a saman kabad, ta tura ta can ciki. Gobe da asuba za a shimfiɗa hoton a daɓen tasha, kuma rabin mutanen cocinsu a nan suke sauka in za su wurin aiki.